Ina son fara koyar da matanmu harkar lafiya a Jidda, da wane ciwo zan fara?

Maman_Hanan:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma ina roƙon iyayenmu da yayyenmu su sa baki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a nan Jidda. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda matanmu ke shiga wurin likita su fito ba su kama komai ba. Likita ya yi bayani da Larabci ko Turanci, uwa ta gyaɗa kai ta ce to, sai a bakin ƙofa ta riƙo hannuna ta ce, "'Yar nan, me ya ce ne?" Wata ta iya Larabcin kasuwa ciki da waje, amma na asibiti ya fi ƙarfinta. Ta koma gida da leda cike da magani, ba ta san na safe ba, ba ta san na dare ba, ba ta kuma san dalilin da aka ce kar ta daina sha ba.

Niyyata in riƙa tara mata sau biyu a wata, ranar Juma'a bayan la'asar, mu yi awa ɗaya muna maganar lafiya da Hausa zalla. Ba kuɗi, ba tallar komai. Da wane ciwo ya kamata in fara? Ni zuciyata ta fi karkata ga suga da hawan jini, don su nake gani kullum. Sannan me zan kiyaye?

Dan_Jarwal:
Wa'alaikumus salam. Allah ya saka da alheri, Anti. Suga, babu ja. A gidanmu mahaifiyarmu na da shi, ƙanwarta na da shi, yanzu kuma babban yayanmu da bai cika arba'in da biyar ba. Ƙididdigar ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta 2021 ta nuna kusan babba ɗaya cikin shida a Saudiyya yana da shi. Mu da muke cin abin da suke ci, ba mu da wata rigar da za ta kare mu.

Hajiya_Karantina:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya miki Hanan. Amma ki ji maganar tsohuwa. In kin ce wa mata su zo lacca, mutum biyar za ki gani, su ma don kunyarki. Ranar Juma'a ce kaɗai masu aikin gidajen Larabawa ke samun kansu, wanki na jira, ziyara na jira. Ke za ki bi su inda suka riga suka taru. Wurin zubin adashi, wurin suna, wurin walima, makarantar haddar mata. Ki roƙi mai gida ta ba ki minti ashirin kafin a kawo abinci. Kuma ki zo da na'urar awon jini a jaka. Da kin ɗaura wa mace ɗaya a hannu, kowa zai miƙo nasa, har mai cewa ita lafiyarta ƙalau. Suga da hawan jini irin gara ne, suna cin azara ta ciki, waje kuwa sumul. Sai mace ta ga lambarta da idonta sannan kunnenta ke buɗewa.

Abu_Sudais:
Ina aiki a saidaliyya, wato kantin magani, a Makka, don haka bari in taɓa tambayarki ta biyu. 'Yar'uwa, ki kiyaye abu biyu. Na farko, rajistarki da hukumar ƙwararrun lafiya ta jinya ce, kuma iƙamarki, wato takardar izinin zamanki a ƙasar, tana kan wurin aikinki. Wayar da kai daban, duba mara lafiya a gidan mutane daban. Da kin fara auna jini, za a fara kawo miki ledojin magani ana cewa ki rage wannan, ki canja wancan. Amsarki ɗaya ce: koma wurin likitan da ya rubuta. Na biyu, kar ki yi shi ke kaɗai. Ki sanar da shugabanninki a wurin aiki, kuma ki nemi inuwar wata ƙungiya mai rajista. Akwai Jam'iyyar Zamzam da ke aikin lafiya na sa-kai a yankin Makka da Jidda, Ma'aikatar Lafiya ma tana da tsarin rajistar masu sa-kai. Ƙasar nan ba a wasa da taro marar izini, kowa ya sani.

Maman_Hanan:
Hajiya, na gode ƙwarai, maganar adashin nan ta shige ni. Yaya Abu Sudais, na riƙe. Ba zan taɓa maganin kowa ba. Abin da nake so shi ne mace ta san ma'anar lambar da ke takardarta. Awon suga kafin a ci komai da safe, in ya kai 126 a awo biyu daban-daban, ciwon ne. Tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne, kuma a nan ne ake iya juya abin da abinci da tafiya. Awon nan na wata uku da ake ce wa tarakumi, 6.5 ne iyaka. Hawan jini kuma daga 140 bisa 90. Mata da yawa suna yawo da waɗannan lambobin a jaka shekara da shekaru ba wanda ya taɓa fassara musu.

Yar_Damagaram:
Ni dai ina ganin kafin lamba, a fara da tukunya. A gida tuwon gero muke ci da miyar kuka, fura da rana, kuma ƙafa ce motarmu. Nan fa? Da safe tamis da shayi cokali uku na suga. Da rana shinkafa, ko kabsa ko buhari, faranti ya yi tozo. Da dare yara su ce burost, da lemon gwangwani kowa da nasa. Sai a kwanta ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Gwangwanin lemo mai mil 330 yana ɗauke da suga wajen giram 35, fiye da ƙaramin cokali takwas ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce kamar giram 50 a yini, ƙasa da haka ma ya fi. Maman Hanan, ki je da gwangwani ɗaya da kofin gilashi, ki auna cokali takwas a gabansu ki zuba. Na ga an yi haka a makarantar 'yata, tun ranar yarinyar ba ta ƙara roƙona lemo ba.

Dan_Jarwal:
Ai gwamnati ta sa wa lemon nan harajin kashi 50 a 2017, masu ƙara kuzari da taba kashi 100. An daina sha? A walimarmu har yau in ba a jera katan-katan ba, sai a ce mai gida ya yi rowa.

Yar_Damagaram:
Shi ya sa na ce tukunya, Ɗan Jarwal. Haraji ba ya shiga kicin. Ga gishiri ma: giram 5 a yini aka ce, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da cuku da abincin gwangwani. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, amma mace ta jefa huɗu a miya ɗaya ta kuma bi da gishiri. Daddawa tana nan ana kawo ta daga gida, an mai da ita abin ƙauye.

Baba_Direba:
To mu maza an yafe mu ke nan? Ni direba ne, tsakanin Jidda da Makka da Madina nake. Abokan aikina ba mai auna komai. Shayi, lemon kuzari don kar barci ya ɗauke mu, ruwa kuwa ana gudunsa don kar a riƙa tsayawa fitsari. Shi ya sa tsakuwar ƙoda ta yi mana yawa. Ni ciwon kai ne ya kai ni asibiti, aka ɗaura abin nan aka ce 170 bisa 100, likita ya ce in zauna kar in motsa. Da ban je ba, Allah kaɗai ya san a kan wane titi zai kayar da ni, da mutane goma a bayana. 'Yata, in kin gama da mata, a samo mana namiji mai irin iliminki. Ya zo Sharar Mansur da ke Makka wurin masu tsire bayan isha, nan zai same mu.

Malam_Misfala:
Aiki ne mai lada, Allah ya karɓa. Jan hankalina ɗaya ne. Na sha ganin 'yan asibiti suna buɗe baki da kushe habbatus sauda da zuma da ƙaho, kamar duk wanda ya yi amfani da su jahili ne. Waɗannan sun zo a hadisi ingantacce. In 'yarmu ta shiga taron mata ta fara da raina su, wallahi an rufe mata ƙofa, kuma da gaskiyarsu.

Abu_Sudais:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, ba wanda ya isa ya raina abin da ya zo a Sunna. Amma ni ina tsaye bayan kanta ina ganin abin da ke faruwa. Zuma tana ɗaga suga. Dabino yana ɗaga suga, har ajwa. Akwai wata baiwar Allah da ta daɗe tana karɓar insulin a wurinmu, sai ta ɓace. Ashe wani ne ya sayar mata da haɗin gari a gora, ya ce wata uku za ta rabu da ciwon, da sharaɗin ta ajiye allura. Da na sake ganin ɗanta, keken guragu ya zo tambaya. Ƙaramin ciwo ne a yatsa, ya ci har aka yanke ƙafar. Mai garin kuwa ya canja lamba. Irin wannan nake so a gaya wa mata, ba kushe Sunna ba.

Malam_Misfala:
Innalillahi. Wannan ai ba Sunna ba ce, cin dukiyar mutane ne da sunan addini. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, yana cikin Buhari. Insulin ma cikin abin da Allah ya sanar da bayinsa yake. Abin da nake cewa shi ne lafazi. A ce wa uwa, "Ci gaba da habbarki, amma kar ki ajiye ƙwayarki, kuma ki gaya wa likita abin da kike sha." Za ta ji. In aka ce mata "zubar da wannan shirmen", ƙwayar za ta zubar.

Maman_Hanan:
Malam, na amince da wannan lafazin, haka zan faɗa. Ƙaho ma a ƙasar nan akwai wuraren da gwamnati ta ba lasisi, da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a jefar. Can za a je, ba ɗakin wani mai reza ɗaya ba. Mai shan maganin tsinka jini kuma ya tambayi likita tukuna. Maganar ƙafa da Yaya Abu Sudais ya kawo ta tuna mini: mai suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, don jijiyar na mutuwa, ƙusa ta shiga bai ji ba. Kowace shekara ana ganin wanda takalminsa ya ɓace a Harami ya taka kwalta da rana ba takalmi, ya iso masauki tafin ya saluɓe, shi bai ma sani ba.

Ummu_Rayyan:
Kowa na ta suga, suga, an bar abin da ke cin 'yan matanmu. Ina maganar sha-ka-fashe da man bilicin. Yarinya za a yi mata aure, sai a fara ɗura mata ƙwayar ƙiba don ta cika ido. Ƙwayar nan dexamethasone ce ko danginta, maganin kumburi da asma ne mai ƙarfi, ba abincin amarya ba. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su rame, fata ta yi nankarwa. Kuma ita kanta tana jawo suga da hawan jinin da kuke magana. Mafi muni, wadda ta daɗe tana sha ba a yanke mata rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali, in ba haka ba jiki na iya faɗuwa gaba ɗaya. Mayukan da ake haɗawa a roba ba suna ba takarda, wasu da irin wannan sinadarin a ciki, wasu da mercury mai lalata ƙoda. A jakar 'yan Umara ake shigo da su, a gidan biki ake sayarwa. Maman Hanan, in ba mace irinki ba, wa zai iya faɗin wannan a cikin ɗaki?

Hajjaju_Mai_Turare:
A dai yi adalci, kar a yi mana kuɗin goro. Ni ina sayar da kayan gyaran amare, kuma abin da nake haɗawa aya ce da dabino da kwakwa da mazarƙwaila, a gaban mai saye nake niƙawa. Da wannan sana'ar nake biyan haya. In an tashi magana a ce ga mai cutarwa, a ambaci sunansa, kar a tsorata mata da komai.

Ummu_Rayyan:
Hajjaju, ba da ke nake ba, Allah ya sa albarka a sana'a. Abin da ido ya ga an niƙa daban ne da garin da aka daka ƙwaya a ciki aka ce sirri ne. Duk mai sayarwa da ta ƙi faɗin abin da ke cikin haɗinta, a guje ta.

Dan_Mai_Wurno:
Salamu alaikum. Ni daga Sudan nake, mutumin Mai Wurno, mun zo Jidda bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023. Shawarar Hajiya daidai ce. A wurinmu duk maganar da ake so ta shiga gidaje, a zaman jabana, wato shan gahawa, na mata ake sakin ta, kafin a gama zagaye na biyu na gahawa ta isa unguwa. Amma ni da zazzaɓi zan fara. Mu da ku duk mun taso da cewa zazzaɓi maleriya ce, sai a nemi maganin maleriya a sha. A Jidda kuwa dengue ce ake fama da ita, tun 1994 aka fara gano ta a garin nan. Sauronta da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsabta yake ƙwai: duron da aka tara ruwa ba murfi, bokitin da ke ƙarƙashin mukayyif, tsohuwar taya a soro. Ku shiga unguwar Ghulail ko Sabil ku ƙirga durorin da ke buɗe. Mai dengue paracetamol kawai zai sha, aspirin da ibuprofen suna iya jawo zubar jini. In zazzaɓin ya sauka sai ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, ko jini a dasashi, asibiti nan take. Suga yana ba da shekaru, wannan kwanaki yake bayarwa.

Bakon_Allah:
Duk kuna cewa asibiti, asibiti. Wanda ba shi da takarda fa? Ku faɗi gaskiya, rabin matan da za su zo wurin Maman Hanan tsoron ƙofar asibiti suke yi fiye da tsoron ciwon. In ta auna ta ga 200 bisa 110 ta ce je ki ga likita, wane likitan?

Abu_Sudais:
Tambayar tana da nauyi, kuma ba ma'aikaciyar jinya ce za ta warware maganar iƙama ba. Shi ya sa na ce ta shiga ƙarƙashin ƙungiya, su ne suka san inda ake tura mabuƙaci. Abin da zan ce kawai, in rai ne ke hannun Allah, a kira 997 ko 911, sauran magana ta biyo baya. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe: shanyewar ɓarin jiki ce, kuma allurar da ke narkar da gudan jinin cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Mu kuwa sai a shafa mai, a yi hayaƙi, a jira gari ya waye.

Hajiya_Karantina:
Baƙon Allah ya taɓo inda ke ciwo. Hajjin 2024 ba zan manta da shi ba. Zafi ya kai 51.8 a Makka, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, wato izinin aikin Hajji, ba tanti ba mota, a ƙafa cikin rana. Akwai namu a ciki. Maƙwabciyata ta ga wata ta fara sambatu tana tangaɗi, mutane na cewa aljanu ne. Rana ce ta buge ta. Inuwa ake kai mutum, a kwarara masa ruwa a jiki, a yi ta fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, kuma in hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki. Wannan ma ki sa a lissafi kafin watan aikin Hajji, 'yata.

Umman_Biyu:
Ni roƙona sikila. 'Ya'yana biyu ke da ita. 'Yan ƙasa tun 2004 aka wajabta musu gwajin kafin aure. Mu da ake ɗaura namu a falo tsakanin dangi, ba mai tambaya. In uba AS ne uwa ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon. Kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba, ni shaida ce. Wanda bai kwana da yaro yana kukan ƙashi ba bai san abin da nake faɗa ba. A gaya wa iyaye tun kafin a karɓi kayan sa rana.

Malam_Misfala:
Allah ya ba yaran lafiya, ya ba ki ladan haƙuri. Ni daga yau duk wanda ya kira ni ɗaurin aure zan tambayi takardar gwaji, in babu in ba da shawara a yi.

Maman_Hanan:
Amin, Umman Biyu, kin sa ni hawaye. Na rubuta duka: dengue, sha-ka-fashe, bugun rana, sikila. Har yanzu ina ganin suga da hawan jini ne ƙofa, don kusan kowane gida akwai mai su, kuma ina so mu gama su kafin azumi. Mata da yawa ba su san ana gyara lokacin magani kafin Ramadan ba, kuma likita ne ke gyarawa. Ba su san in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ana karya azumin ba. Sai mace ta yi ta rawar jiki da gumi tun la'asar tana cewa saura kaɗan. Da magariba kuma sambusa, Vimto, sobiya, lugaimat. Malam, huda yatsa don awo yana karya azumi? Ana yawan tambayata.

Malam_Misfala:
Ba ya karyawa, ɗigon jini ne. Kuma mara lafiya Alƙur'ani da kansa ya ba shi rangwame a Suratul Baƙara. Ki ce su tambayi malamin da suka yarda da shi, za su ji haka.

Dan_Jarwal:
A haɗa da tafiya. Minti 150 a mako aka ce, rabin awa ke nan kwana biyar. Mahaifiyarmu da ke cewa gwiwa ba ta bari ta je baƙala, wato kantin unguwa, in ta shiga Safa da Marwa sai ta yi kusan kilomita 3 ba ta zauna ba. Da za ta sami abokan tafiya a mamsha, hanyar da aka ware wa masu tafiya a ƙafa, bayan isha, da ta yi.

Yar_Damagaram:
Mu huɗu muna fita Kurnish, bakin teku, daren Asabar da Talata. Duk mai so ta yi mini magana.

Hajiya_Karantina:
'Yata, zubin adashinmu Juma'ar farkon wata ne a gidana, mu goma sha takwas ne. In kin gama da maganar izini, ki fara da mu. Zan ce a kawo zoɓo ba suga.

Dan_Mai_Wurno:
Ni dai ina nan kan bakana. Ruwan Jidda daga Nuwamba yake farawa, sauro na biye da shi. Ko minti biyar ne a ƙarshen zaman farko, a ce su rufe duro su zubar da ruwan mukayyif.

Baba_Direba:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar maza. Abu Sudais, kai fa? Makka da Sharar Mansur ai gida ɗaya ne.

Abu_Sudais:
Baba, aikina sai sha ɗaya na dare nake tashi, ban da Alhamis. Bari in yi magana da mai saidaliyyar tukuna. Maman Hanan, in za ki auna suga a taro, allurar huda yatsa kowa da tasa, kuma ki je da robar da za ki tara su, kar a jefa a kwandon gidan Hajiya inda jikoki ke wasa.